Muryoyin Cikin Gwangwanin Kawu

Litinin, da safe

Na buɗe shago na tarar da teburin Kawu yadda ya bar shi ranar Asabar. Tabaransa na kan fanel ɗin wani tsohon injin wasa, ayan ɗin da yake narka dalma da shi ya yi sanyi a jingine, shayinsa ya yi yana a cikin kofi. Gwangwanin alewar nan a buɗe, aisi sun zube a kan tsumma, wasu a rigingine, ƙafafu sama kamar matattun kyankyasai. Ranar Asabar ban lura sun zube ba. Ranar Asabar ba abin da na lura da shi sai nauyin Kawu a kafaɗata, da ya faɗi na ɗauke shi zuwa asibiti.

Na tsince su na mayar. Wanda bai sani ba zai ce tarkace ne, ɗan baƙin abu kamar rabin yatsa mai ƙafafu jere a gefe biyu. Amma su ne maƙogwaron injinan wasa na da, da ƙananan kwamfutocin da ake jona wa talabijin. Duk kiɗan da yaran wancan zamanin suka ji daga cikin irinsu ya fito. An daina ƙera su tun ba a haife ni ba. Wanda ya ƙone ya tafi ke nan.

Ni gaban shago ne nawa, waya da rediyo da tocila. Baya na Kawu ne. Kullum yakan ce in gama da wayoyin mutane tukuna, zai zaunar da ni ya koya mini, ai akwai lokaci.

Telan da ke kusa da mu ya leƙo ya ce, "Malam Shiru, yaya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ya tsaya yana jiran sauran maganar, da ya ga babu sai ya koma kan kekensa.

Na share ƙasa. Ban taɓa kujerar ba.

Talata, da yamma

Ba a bar kowa ya shiga wurinsa ba sai Inna, matarsa. Na zauna a benci har aka kore mu.

Laraba, da hantsi

Babu mai kawo gyara yau. Bari in rubuta abin da na sani, don tun jiya nake jin tsoron kada ya zube daga kaina ni ma.

Aisin cikin gwangwani iri biyu ne, amma a ido ɗaya suke. Kawu na ce wa wasu tsofaffi, wasu yara. Tsoho wuta goma sha biyu yake ci, yaro tara. Ka ba yaro ta tsoho, ya ƙone nan take. Da ana rubuta lamba a bayansu, amma waɗannan masu ƙera injinan sun goge ta da gangan don kada a kwaikwayi aikinsu. Bayansu sumul yake.

Kawu na da akwatin gwaji da ya haɗa da hannunsa a kan katako: gidan da ake zaunar da aisi, abin murɗa wuta daga tara zuwa goma sha biyu, maɓallin da in ka danna zai sa aisi ya rera ɗan gajeren kiɗa, sai sifikar wata tsohuwar rediyo. Yakan zaunar da ɗaya, ya danna, ya ce, "Kai ne, Mai Mura? Ka kwana biyu." Akwai Sauro, akwai Mai Gardama, akwai wanda yake kira Surukina don wai bai taɓa yin shiru a kan lokaci ba. Bai rubuta sunan ko ɗaya ba. Yanzu duk suna cikin gwangwani, ban san wane ne wane ba.

Iyakar abin da na sani ke nan. Da na rubuta shi sai na ga bai kai cikin cokali ba.

Juma'a, bayan azahar

Na gwada su duka a wuta tara, tunda tara ba ta kashe kowa. Wasu suka rera garau. Waɗannan yara ne masu lafiya, na ware su gefe. Sauran, kuma su ne suka fi yawa, muryarsu a shaƙe take, kamar mai magana ta cikin bargo.

A nan matsalar take. Tsohon da aka ba tara yana shaƙewa saboda yunwa. Yaron da ba shi da lafiya shi ma haka yake shaƙewa. Na farko in ka ƙara masa wuta zai buɗe murya. Na biyu in ka ƙara, ka gama da shi, alhali da an bar shi a tara, Kawu ya san yadda yake lallaɓa irinsu su yi aiki. Na saurara har kunnena ya fara ƙara, ban ji bambanci ba.

Asabar, da safe

Na ɗauki ɗaya da na ga kamar muryarsa ta fi kauri. Na ce wannan tsoho ne. Na murɗa.

Bai yi ƙara ba ma. Kiɗan ya tsaya a tsakiya, sai ƙauri. Tela ya ɗaga murya daga shagonsa yana tambaya ko wani ne ya bar dutsen guga a kan kayan mutane, na ce a'a, ni ne dai. Na sa shi a akwatin ashana. Na kasa jefarwa. Ban san ko yana da suna ba.

Lahadi

Ban fita ba.

Talata, da la'asar

An dawo da shi gida, ɓarin jikinsa na dama a shanye. An sa masa katifa a falo saboda matakalar ɗaki. Inna ce ke riƙe masa kofi. Na gaishe shi, ya dube ni sosai, ya san ni, wannan ba na shakka. Ya buɗe baki, maganar ta taso ta tsaya a hanya. Ya sake gwadawa. Sai Inna ta ce, "Yana cewa sannu da zuwa." Ni da ita mun san ba abin da yake cewa ke nan ba.

Yaya, babbar 'yarsa, ta iso daga garin da take aiki. Ta ja ni waje ta ce ƙarshen wata za ta tafi da shi da Inna, akwai wurin da ake koya wa mutum tafiya da magana daga farko. Na ce yaushe za su dawo. Ta ce kada in yi mata wannan tambayar, ita ma ba ta yi wa likita ba.

Na ba ta labarin gwangwani. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ciro wayarta ta yi ta bincike a tsaye, ta ce akwai mutane da yawa a duniya masu tara irin wannan sanin, sun rubuta komai dalla-dalla. Ta karanta mini. Duk da lambar baya suke farawa. Na ce namu ba su da lamba. Sai ta ce, "To ai Baba ne lambar ke nan."

Laraba, da hantsi

Na share ƙasa. Na gyara tocila biyu. Wani dattijo ya zo tambayar injin wasan da ya kawo, na ɗansa ne da ya rasu, so yake jikokinsa su ji kiɗan da ubansu ya taso da shi. Shi ne wanda ke buɗe a kan tebur, gidan aisinsa ba kowa. Na ce ya ƙara haƙuri. Ya dubi kujerar, bai tambaye ni komai ba.

Alhamis, da yamma

Dabara ta zo mini. Na ɗauki muryar kowane shaƙaƙƙe a waya, ɗaya bayan ɗaya, na jera su a kan tsumma yadda na ɗauka don kada su cakuɗe. Tunanina shi ne in kunna wa Kawu, in tsoho ne ya ɗaga yatsa, in yaro ne ya bari. Hannunsa na hagu lafiya lau yake.

Sai na jira mai injin walda na tsallaken titi ya tafi cin abinci kafin in ɗauka. Tela ya tsayar mini da kekensa ba tare da na roƙa ba, ya ce in dai za a sa sunansa a faifan.

Juma'a, da la'asar

Na kunna masa na farko. Idonsa ya buɗe, har ya ɗan ɗago kai. Na ce a raina shi ke nan, an samu. Ya saurara har ƙarshe. Bai ɗaga yatsa ba, bai kuma bari ba, sai ya miƙo hannu ya shafa bayan wayar, ya juya ta, ya shafa gabanta. Na kunna na biyu. Ya ture ta ta faɗi a kan tabarma, ya juya fuska bango.

Inna ta ce ya gaji. Da na zo fita Yaya ta tare ni. Ta ce ta san niyyata mai kyau ce, amma in duba shi mana.

A hanya na yi ta tunanin ko abin ya tafi daga kansa ne, ko yana nan ƙofar ce ta rufe. Ban san wanda ya fi muni ba.

Asabar

Shago. Gida. Ba wanda na yi wa magana sai mai burodi.

Litinin, da yamma

Na je gaisuwa kawai, wayar ma a aljihu na bar ta. Yaya ta fita sayen magani. Ina zaune kusa da katifa sai Kawu ya kamo hannuna. Ƙarfinsa na hagu ya ba ni mamaki. Ya ware yatsuna biyu, ya ɗora su a maƙogwaronsa, ya yi wani gurnani a ciki, ya tsaya. Ya sake yi, ya tsaya. Yana kallona.

Inna ta ce ruwa yake so, ta kawo, ya kau da kai. Ta ce ko wuyan ne ke ciwo. Ya danna yatsuna da ƙarfi har na ji tsoron kada in shaƙe shi. Ya yi gurnanin na uku. Ni kuma na ce, "Kawu, ban gane ba." Sai ya saki hannuna. Ruwa ya gangaro masa ta gefen ido ɗaya. Inna ta goge da bakin mayafinta ta ce idon ne ke yin haka tun daga asibiti.

Da Yaya ta dawo ta auna shi, jininsa ya hau. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce daga yau gaisuwa daga bakin ƙofa.

Talata, da safe

Na share ƙasa. Ban kunna komai ba.

Laraba, da hantsi

Yau na zauna a kujerar. Ba niyya na yi ba, wani ƙaramin sukuru ne ya gangara ƙarƙashin teburin, na tsugunna na ɗauko, da na miƙe sai na ga na zauna.

Daga nan komai dabam yake. Akwatin gwaji na hannun dama, amma sifikar a hagu take, kuma ba mai zama take kallo ba, sama take kallo. Wa ke ajiye sifika tana kallon rufi? Ragar da ke kare ta ma an cire, ga ramukan sukurorin nan har sun yi tsatsa. Na matso da fitila. Takardar sifikar duk ta yi ƙura, sai wuri ɗaya a gefe, baƙi ƙirin, yana sheƙi da maiƙo. Faɗinsa yatsu biyu.

Shekara da shekaru ina ganin bayansa daga gaban shago, hannun hagu a miƙe. Na ɗauka dogarawa yake yi.

Na zaunar da ɗaya daga cikin shaƙaƙƙun a wuta tara, na ɗora yatsuna a wurin baƙin, na danna. Takardar ta yi ta rawa a hankali har kiɗan ya ƙare. Ba komai. Na sa na biyu. Kiɗan ya ƙare, sai na ji takardar ta ture yatsuna sau ɗaya, dum, kamar wani ya taɓa ƙofa daga ciki. Kunne bai ji ba. Na sake, ta sake. Na ɗauko wayar na saurari muryar wannan ɗin da na ɗauka, babu alamar komai a ciki. Ashe gawar sauti na kai wa Kawu.

Ina nan zaune sai Tela ya leƙo ya gan ni a kujerar, ya buɗe baki zai yi tsokana, ya fasa.

Alhamis, da yamma

Na raba su faranti biyu, masu bugu da marasa bugu. Na maimaita har na tabbata ba hannuna ne ke rawa ba.

Amma wanne ne wanne? Bugun nan alamar tsoho ce mai neman abinci, ko ciwon yaro ne ke motsi? Duka biyun suna shiga hankali. In na zaɓa daidai, ƙofa ta buɗe. In na kuskure, akwatin ashana ya samu na biyu, kuma wa ya sani ko Mai Mura ne.

Tela ya ce in rufe ido in ɗauki ɗaya, ai ko likita da gawa yake koyo. Na ce ba a ƙera wasu. Ya ce mutane ma ai ba a ƙera irin na da, ga shi ana ta binne su. Da ya ga fuskata sai ya ce wasa yake yi, ya aiko mini da shayi.

Asabar, da la'asar

Na tsaya a bakin ƙofa na yi wa Yaya bayani. Na ce minti kaɗan nake so, da akwatin gaba ɗaya, ba waya ba. Ta saurare ni har ƙarshe, tana naɗe kayan Inna a jaka.

Ta ce, "Shiru, kai aisi kake tsoron ya ƙone. Ni wancan nake tsoro." Ta nuna falo da haɓa.

Gaskiyarta ce.

Ranar Talata da safe za su tafi.

Lahadi

Na rubuta a kwali: masu bugu, marasa bugu. Na bar gaban kowanne ba komai.

Litinin, da yamma

Na goge akwatin gwaji, na naɗe wayarsa, na sa shi a wani kwali tare da farantan biyu. Ban san dalilin da ya sa na yi ba. Ba wanda ya ce in kawo.

Talata, bayan azahar

Sun tafi.

Na je da safe don in taya ɗaukar kaya. Kwalin na ajiye shi a bayan ƙofar waje, ban shiga da shi ba. Direban da Yaya ta ɗauko yana ta ɗaure jakunkuna yana mitar rana na yi. An zaunar da Kawu a keken marasa lafiya a tsakar falo, an sa masa hula, an ɗora hannun damansa a cinya. Na durƙusa na yi masa sallama. Sai na ɗaga yatsuna biyu na hagu, na ɗora a kan hannun kujerar, na ɗan tura su sama sau ɗaya. Iyakar abin da na yi ke nan.

Ya dubi yatsun. Ya dube ni. Ya fara buga hannun keken da tafinsa.

Inna ta ce, "Ina abin yake?" Na ce wane abu. Ta ce kada in mai da ita yarinya, ta ga kwalin ta taga. Yaya ta fito daga ɗaki da jaka a kafaɗa, ta dubi ubanta yana bugun keke, ta dubi agogo. Ta ajiye jakar. Ta ce in ta ga fuskarsa ta canja, ita da kanta za ta zare wayar daga bango. Sannan ta miƙo hannu ta ce in ba ta wayata ta ɗaukar mini hoton bidiyo. Na ce ba fuska za ta ɗauka ba, yatsu.

Na ɗora akwatin a kan ƙaramin tebur, sifikar a hagunsa. Na zaunar da ɗaya daga farantin marasa bugu. Ya ɗora yatsunsa, suka faɗa daidai wurin baƙin ba tare da ya duba ba. Na danna. Da kiɗan ya ƙare sai ya ɗauke hannu ya rufe abin murɗa wutar da tafinsa gaba ɗaya, ya girgiza kai. Kada a taɓa.

Na cire, na sa mai bugu. Na danna. Kiɗan ya ƙare, na ga yatsunsa sun ɗan motsa sama. Gefen bakinsa mai motsi ya ja. Na jira ya murɗa. Bai murɗa ba. Ya kamo hannuna ya ɗora a takardar, ya danna maɓallin da kansa, ya bar ni na ji bugun. Ya tsare ni da ido.

Na ce, "Tsoho ne, Kawu."

Ya janye hannunsa ya ɗora a cinya kusa da ɗayan.

Na murɗa. Na kai shi har ƙarshe.

Muryar ta buɗe. Mai kauri ce, da ɗan dishi a ƙasanta, ta cika falon har direba ya bar igiya ya leƙo. Kawu ya rufe ido yana binta da gurnani a maƙogwaro, daidai da kiɗan, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Da ta ƙare na ce, "Mai Mura ne?" Ya girgiza kai. "Sauro?" Ya harare ni, irin hararar da yake mini in na miƙo masa filaya a maimakon almakashi. Na ce, "Surukinka?" Sai wani sauti ya fito masa, kafaɗarsa ɗaya tana girgiza. Yaya ta taso da sauri. Inna ta riƙe ta ta ce, "Bar shi, dariya yake."

Ɗaya muka samu yi. Direba ya ce in ba a tashi yanzu ba dare zai yi musu a hanya. Ni da shi muka ɗaga Kawu muka sa a mota. Ya fi wancan karon sauƙin ɗauka.

Na dawo shago na cika gaban rubutun da na yi a kwali: mai bugu tsoho ne, a ba shi goma sha biyu, marar bugu yaro ne marar lafiya, a bar shi a tara. Na sa Surukin Kawu a injin dattijon nan, ya rera. Sauran tsofaffin zan iya tashinsu yanzu, amma sunayensu sun tafi a motar. Yadda ake lallaɓa yaran ma ban samu na tambaya ba.

Yaya ta ce za ta aika wa mutanen nan masu tara sani hoton da ta ɗauka, da sunan Kawu a kai. Ta ce ƙila su ce a hoto ba a jin bugun, don haka ba hujja. Su ce. Ba ni kaɗai nake wurin ba. Inna na nan, Yaya na nan riƙe da waya, da direban da ban ma tambayi sunansa ba, yana tsaye a bakin ƙofa da igiya a hannu.